LEMON ƘARA KUZARI: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Zaɓi Mai Amfani, Ya Kauce Wa Mai Cutarwa

MAIDUGURI — Ɗaya daga cikin hajojin da suka samu gindin zama a kantunan unguwar Hausari da Kasuwar Monday da tashoshin mota na birnin Maiduguri a shekarun baya-bayan nan, ita ce lemon ƙara kuzari, wanda matasa ke kira "enaji". A da, wannan lemo na masu hali ne, ana shigo da shi daga Turai cikin ƙananan gwangwanaye masu tsada. A yau kuwa kamfanonin cikin gida suna ɗura shi a manyan robobi, har ya kai ga direban Keke Napep da ɗan dako da yaron shago suna iya sayensa kullum.

Wannan al'amari ya shafi ɗan kasuwa ta fuska uku. Da farko shi ne mai sarowa da sayarwa, don haka riba da asara suna wuyansa. Na biyu, shi kansa mashayi ne, domin zaman kasuwa daga hantsi zuwa magariba a zafin Borno ba ƙaramin aiki ba ne. Na uku, direbobinsa da yaransa, waɗanda dukiyarsa ke hannunsu, su ma suna sha. Saboda haka ya kyautu a san abin da ke cikin wannan lemo, da iyakar da jiki ke ɗauka, da kuma ma'aunan da za a bi wajen zaɓe.

ASALIN WANNAN HAJA

Neman abin kore barci da gajiya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Ita kanta Hausari, wadda sunanta a harshen Barebari ke nufin mazaunin Hausawa, tana cikin tsofaffin unguwannin da suka bunƙasa bayan da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a shekarar 1907, kuma fatake da 'yan kasuwa ne suka raya ta. Goro kuwa yana cikin manyan kayan fataucin Hausawa tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja. Sinadarin da ke sa goro ya kore barci, watau kafeyin, shi ne dai ƙashin bayan lemon ƙara kuzari na yau. Hasali ma da goro aka haɗa Coca-Cola lokacin da John Pemberton ya ƙirƙiro shi a birnin Atlanta na Amurka a 1886.

Lemon ƙara kuzari irin na zamani ya faro ne daga Asiya. A 1962 kamfanin magunguna na Taisho a Japan ya fito da Lipovitan-D domin ma'aikata masu doguwar tsayuwa a masana'antu. A ƙasar Tailan kuma wani ɗan kasuwa mai suna Chaleo Yoovidhya ya fito da Krating Daeng a tsakiyar shekarun 1970, wanda direbobin manyan motoci da leburori suka runguma. Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Dietrich Mateschitz, shi ne ya haɗa gwiwa da shi, suka sauya wa lemon ɗanɗano, aka fara sayar da shi da sunan Red Bull a 1987. Monster ya biyo baya a Amurka a 2002.

A Nijeriya, Red Bull da Power Horse, waɗanda dukansu 'yan asalin Ostiriya ne, su suka fara yin suna. Kasuwar ta sauya fasali ne a 2017, lokacin da kamfanin Rite Foods mai masana'anta a Ososa ta Jihar Ogun ya fito da Fearless a cikin roba. Daga baya kamfanin Nigerian Bottling Company ya shigo da Predator, kamfanin Seven-Up ya fito da Supa Komando, ga kuma Climax na Nigerian Breweries. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin Naira ta nemi darajarta a watan Yunin wannan shekara sun ƙara tsadar kayan da ake shigowa da su, abin da ya ƙara tura masu saye wajen na gida. Sai dai a nan ne gizo ke saƙa: na roba ya fi arha, amma sau da yawa girmansa ya ninka na ƙaramin gwangwani, kuma abin da ke cikinsa ya ninka tare da shi.

ABIN DA KE CIKIN KWALBA

Duk yawan sunayen da ake jerawa a jikin kwalba, abubuwa biyu ne ke yin aikin da mashayi ke ji: kafeyin da sukari.

Kafeyin ba ya ƙara wa jiki ƙarfi. Yayin da mutum ke aiki, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji, lokacin hutu ya yi. Abin da kafeyin ke yi shi ne ya toshe ƙofofin da wannan saƙo ke bi. Gajiyar tana nan, labarinta ne kawai ba ya isowa. Idan kafeyin ya sake, sai gajiyar da ta taru ta sauko gaba ɗaya. A harshen kasuwa, wannan bashi ne mutum ya ci daga jikinsa, kuma barci ne kaɗai ke biyansa.

Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin, kwatankwacin kofi ɗaya na gahawa, da sukari kimanin giram 27. Babban gwangwanin Monster na asali mai mililita 500 yana da miligiram 160 na kafeyin, da sukari fiye da giram 50. Don kwatance, kofin baƙin shayi yana da kamar miligiram 40 zuwa 50, gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 kuma bai wuce miligiram 35 ba.

Sukari kuwa shi ne ke ba da ɗan karsashin nan na farko. Yana shiga jini da sauri, jiki ya saki sinadarin insulin domin ya kwashe shi, bayan ɗan lokaci kuma mutum ya ji kasala da yunwa, har ya nemi wata kwalbar.

Sauran kayan haɗin sun haɗa da tawurin da nau'o'in bitamin B, wani lokaci da tsiron garana ko jinsin. Game da tawurin, an daɗe ana yaɗa jita-jitar cewa daga maniyyin bijimi ake samo shi. Gaskiyar magana ita ce sunan ya samo asali ne daga kalmar bijimi a tsofaffin harsunan Turai, saboda a 1827 wasu masana biyu na Jamus sun fara gano shi a cikin matsarmamar sa. Wanda ake zubawa a lemo a yau a masana'anta ake harhaɗa shi, ba daga dabba ba. Faransa ta hana sayar da Red Bull mai tawurin har zuwa 2008, amma a 2009 Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa adadin da ake sawa a lemo ba abin damuwa ba ne. Bitamin B kuma ba ya ƙara kuzari ga wanda ba shi da ƙarancinsa. Rarar da jiki bai buƙata yawanci fita take yi ta fitsari. Shi kuwa garana, wani tsiro ne na ƙasar Barazil mai ɗauke da kafeyin, don haka idan aka gan shi a jerin kayan haɗi, to ƙarin kafeyin ne aka shigo da shi ta bayan gida.

IYAKAR DA MASANA SUKA SHATA

A 2015 Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ma'aunin da ƙasashe da yawa ke aiki da shi. Baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, kuma kada ya wuce miligiram 200 a zama ɗaya. Mace mai juna biyu ko mai shayarwa iyakarta miligiram 200 a yini. Ga yara da matasa kuwa, an ƙiyasta miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki, watau yaro mai kilo 30 iyakarsa miligiram 90. Ke nan kwalba guda mai miligiram 160 ta kusa ninka abin da jikinsa zai ɗauka.

Abin lura shi ne wannan adadi na dukkan abin da mutum ya sha ne a yini, ba na lemo kaɗai ba. Wanda ya karya da shayi kofi biyu, ya ci goro da hantsi, ya sha gahawa a majalisa, sa'an nan ya haɗiyi maganin ciwon kai irin wanda ake haɗawa da kafeyin, ya riga ya ci rabin kasonsa ko fiye kafin ya buɗe kwalba.

Dangane da sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a yini, watau kimanin giram 50 ga matsakaicin baligi, ko ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa in an rage zuwa giram 25 ya fi alheri. Babbar kwalba guda mai cikakken sukari tana iya cinye wannan kaso duka, ba a lissafa na shayi da kunu ba.

Akwai kuma batun lokaci. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha. Wanda ya sha miligiram 160 da la'asar, ƙarfe 4, zai kai ƙarfe 9 na dare da kimanin miligiram 80 a jininsa, kamar wanda ya sha gahawa bayan sallar isha'i. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage wa mutane barci da fiye da awa guda. Wanda bai yi barci sosai ba zai tashi a gajiye, ya nemi lemo, lemon kuma ya sake hana shi barci. Ta haka ake zama bawan kwalba.

LISSAFIN JIKIN KWALBA

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya san mudu nawa ke ciki. Haka ya kamata a yi wa lemo. Yawancin kamfanoni suna rubuta adadin kafeyin da sukari ne a kan kowane mililita 100, ba a kan kwalba gaba ɗaya ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa.

Alal misali, idan an rubuta miligiram 30 na kafeyin a mililita 100, kwalbar kuma mai mililita 500 ce, sai a ninka sau biyar, a samu miligiram 150. Idan an rubuta giram 11 na sukari, sau biyar ya zama giram 55. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, don haka giram 55 ya kusa cokali 14. Babu mai hankalin da zai tsaya gaban mai shayi ya ce a zuba masa cokali 14 a kofi guda, amma ga shi ana shanye hakan cikin 'yan mintoci saboda sanyi da tsami da iskar gas sun ɓoye zaƙin.

Lemon da aka rubuta cewa ba shi da sukari ya kawar da wannan matsala, kuma ya fi dacewa da mai gudun ƙiba. Amma kafeyin ɗinsa yana nan daram, haka nan tsaminsa mai cin haƙora. Ana zaƙaƙa shi ne da sinadarai irin su asfatam da sukuralos. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya asfatam cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujja mai rauni, yayin da kwamitin masana kan abinci ya bar iyakar da aka sani ta miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, adadin da baligi ba zai kai ba sai ya sha gwangwani da yawa kullum. Abin da wannan ke nunawa shi ne marar sukari ya fi mai sukari sauƙin illa, amma bai zama ruwan sha ba.

ZAFIN BORNO, AZUMI DA ƘODA

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. A irin wannan yanayi, yawancin gajiyar da ɗan kasuwa ke ji da rana ta ƙarancin ruwa ce da gishirin da gumi ya fitar. Maganinta ruwa ne, ba kafeyin ba. Lemo mai sukari da yawa ba ya kashe ƙishirwa yadda ya kamata, kafeyin mai yawa kuma yana ƙara fitsari, musamman ga wanda bai saba ba. Ga ɗan dako ko mai aikin gini da ya yi gumi sosai, ƙunshin garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kantin magani, wanda ake narkawa a ruwa mai tsabta, ya fi lemon ƙara kuzari amfani nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi arha.

Ciwon ƙoda ya daɗe yana damun al'ummar Borno da Yobe, musamman yankin Gashuwa, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da cibiya ta musamman ta wankin ƙoda. Manyan abubuwan da aka sani suna lalata ƙoda a ko'ina cikin duniya su ne hawan jini da ciwon sukari, sai yawan aiki cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba, da yawan shan magungunan kashe ciwo barkatai. Mutumin da ya maye gurbin ruwa da lemo mai sukari da kafeyin a tsakiyar bazara, ya jingina da uku daga cikin waɗannan ƙofofi a lokaci guda.

A watan azumi ma akwai gyara. Shan wannan lemo da sahur ba ya riƙe mai azumi. Sukarinsa kan ƙare tun da hantsi, ya bar ƙishirwa. Buɗe baki da shi a kan cikin da ya wuni babu komai yana tayar da ƙwannafi da gyambon ciki. Dabino da ruwa da kunu su ne suka dace da wannan lokaci.

WAƊANDA YA KAMATA SU NISANCE SHI

A 2019 masu bincike a Jami'ar Pacific ta Jihar Kalifoniya sun gwada mutane 34 masu ƙoshin lafiya, suka ba su kusan lita guda ta lemon ƙara kuzari cikin awa ɗaya. Sun ga jininsu ya hau, kuma tsarin bugun zuciyarsu ya sauya har na tsawon awoyi. Idan haka ta faru ga masu lafiya, to mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya yi hattara. Ƙiyasi ya nuna kusan ɗaya cikin uku na manyan mutane a Nijeriya suna da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Don haka kafin mutum ya mayar da wannan lemo abin shan kullum, ya fara zuwa a auna jininsa.

Waɗanda ya kamata su bar shi gaba ɗaya su ne yara, da mata masu juna biyu ko masu shayarwa, da masu hawan jini, da masu ciwon zuciya ko ƙoda, da masu farfaɗiya, da masu fama da rashin barci ko faɗuwar gaba. Mai ciwon sukari kuma kada ya kusanci mai sukari. Har ila yau, wanda likita ya ɗora a kan maganin sifurofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don zazzaɓin taifot, ya sani cewa maganin yana hana hanta sarrafa kafeyin da wuri, sai kwalba guda ta yi masa aikin biyu.

Yawa a lokaci guda shi ne babban haɗari. A watan Afrilun 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya rasu a Jihar Karolina ta Kudu a Amurka bayan ya sha gahawa da babban lemo mai kafeyin da lemon ƙara kuzari cikin awa biyu, kuma jami'in binciken gawa ya danganta rasuwar da rikicewar bugun zuciya sakamakon kafeyin. Duk wanda ya sha ya ji ƙirjinsa na ciwo, ko zuciyarsa na tsalle, ko jiri da rawar jiki, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

GAURAYE MAI HALAKARWA

Wata ɗabi'a da ta ɓulla tsakanin wasu matasa ita ce jefa ƙwayar taramol ko zuba maganin tari mai kodin a cikin wannan lemo. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan shekarar 2018 ya gano cewa mutane miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin su taramol da kodin suke sha. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Taramol shi kaɗai yana iya jawo jijjiga, kafeyin kuma yana ɓoye maye, mutum ya ƙara sha yana zaton garau yake. Haka lamarin yake idan aka gauraya da barasa. Mai kanti ya lura kuma cewa akwai gwangwanayen da suka yi kama da lemon ƙara kuzari amma da barasa a ciki, wani lokaci ma da suna iri ɗaya. Sai an duba jikin gwangwani a ga ko an rubuta kason barasa.

Ga mai motocin haya ko na dakon kaya a hanyar Damaturu zuwa Kano, ko ta Gamborun Ngala, akwai darasi na musamman. Kafeyin yana buɗe ido, amma ba ya mayar wa ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba saurin yanke hukunci. Direban da ya kwana biyu a hanya yana iya yin gyangyaɗi na daƙiƙa biyu ko uku idonsa a buɗe. Abin da ke taimakawa shi ne a tsaya, a sha kofin shayi ko gahawa, a runtsa na minti 15 zuwa 20. Mai mota da ya ba direba isasshen lokacin hutu ya kare jarinsa fiye da wanda ya ba shi kuɗin lemo.

NA GIDA MA SAI DA LURA

Ga wanda buƙatarsa ita ce wartsakewa, shayi mai ƙarancin sukari ya wadatar, ga shi ana noma ganyensa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Goro yana da kafeyin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa, ba shi da sukarin da aka ƙara, kuma ana cinsa ne a hankali, ɓari-ɓari. Illa dai shi ma yawansa yana hana barci, yana tayar da gyambon ciki. Ga wanda buƙatarsa ƙarfin aiki ce, fura da nono da kunun gyaɗa da kunun aya da dabino su ne ke ba da abin da jiki zai ƙona. Zoɓo da ruwan tsamiya, wanda ake kira ardeb a Borno, suna kashe ƙishirwa idan ba a cika musu sukari ba.

Sai dai na gida ma yana da sharaɗi, watau tsabtar ruwa da ingancin kayan haɗi. A watan Maris na 2021 mutane aƙalla goma suka rasu a Kano, ɗaruruwa kuma aka kwantar a asibiti, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da wani sinadari da aka sayar a matsayin "ɗan tsami". Binciken Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, ya nuna cewa sinadarin guba ne na masana'antu. Wannan ya isa ishara ga duk mai sayen kayan haɗi marasa suna don neman arha.

GA 'YAN SARI DA MASU KANTI

Abu na farko da mai sari zai duba shi ne lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, sai sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin kaya, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Kasancewar Maiduguri mashigar kaya ce tsakanin Nijeriya da Chadi da Kamaru da Nijar, akan ga lemon da aka rubuta bayaninsa da Faransanci ko Larabci kawai, babu lambar hukuma. Irin wannan kaya, ko da ya yi arha, hukuma na iya kwashe shi, asarar kuma ta mai kanti ce. Haka nan a guji ƙananan kwalabe da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfin maza, waɗanda ba a bayyana abin da ke cikinsu ba.

Na biyu shi ne ajiya. Jibge katan-katan a rana yana ɓata ɗanɗano, yana rage wa lemo ƙarko, musamman marar sukari. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko robar da murfinta ya saki, ba na sayarwa ba ne. 'Yan kasuwar wannan birni sun ga jarrabawa a jere: katsewar wutar lantarki daga watan Janairun 2021 bayan lalata turakun layin Damaturu, gobarar Kasuwar Monday ta ranar 26 ga Fabrairun 2023, da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta ranar 10 ga Satumbar 2024, wadda bayanta jami'an NAFDAC suka bi kasuwanni suna kwashe abinci da magungunan da ruwa ya lalata. Darasin da ke ciki shi ne kada a tara kaya fiye da abin da za a iya juyawa cikin ɗan lokaci, a ɗora su a kan katako nesa da ƙasa, kuma wanda ya fara shigowa shi ya fara fita.

Na uku, a sa ido kan alƙiblar doka. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022, watau Naira 5 a kan robar mililita 500, kuma ƙungiyoyin kiwon lafiya sun yi ta kiran a ƙara shi. A ƙasashen waje an yi nisa: Lituweniya ta haramta sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Folan ta bi sahu a watan Janairun 2024, manyan kantunan Ingila sun daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 bisa raɗin kansu a 2018, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma sun ɗora masa harajin kashi 100 cikin 100 a 2017. Mai hangen nesa ba zai zuba jarinsa duka a haja guda da idon hukumomi ke kanta ba. Zai haɗa da ruwan roba da madara da lemo marar sukari. Kuma mai kantin da ya ƙi sayar wa ɗan firamare ya yi asarar ribar kwalba guda, amma ya sayi amincin iyayen unguwa.

Shi ma mashayi ya yi nasa lissafin. A ce kwalba Naira 500 ce, mutum na shan biyu kullum. A wata ya kashe Naira 30,000, a shekara Naira 360,000. Wannan jari ne da zai iya tayar da ƙaramar sana'a.

MA'AUNAN ZAƁE

Daga bayanan da suka gabata, ga baligi mai lafiya wanda ya ga lalle sai ya sha, wanda ya fi dacewa shi ne mai lambar NAFDAC da wa'adin da bai ƙare ba. Wanda aka rubuta adadin kafeyin ɗinsa a fili. Ƙarami, mai kimanin miligiram 80 zuwa 100 a kwalba gaba ɗaya. Marar sukari ko mai ƙarancinsa. Kuma wanda babu barasa ko wani ɓoyayyen haɗi a cikinsa. Idan babbar roba ce kaɗai ake da ita, a sha rabi, ko a raba da abokin zama. A sha shi da safe ko kafin azahar, bayan an ci abinci, a bi shi da ruwa, kada a wuce ɗaya a yini, kada kuma ya zama na kullum. Wanda ya riga ya saba da uku ko huɗu a rana ya rage a hankali cikin mako biyu, domin yankewa farat ɗaya kan jawo ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki.

Kamfani ya yi nasa, ya rubuta adadi a jikin kwalba. Hukuma ta yi nata, ta ba da lamba. Saura karatu da lissafi, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a wurin ɗan kasuwa. Lafiya ita ce uwar jari, idan ta karye babu dilan da ke ba da ita bashi.